Sigarin Lantarki a Kantunan Garki: Abin da Sabon Shiga Zai Duba Kafin Ya Biya

A kantuna da dama na Garki ba a ɓoye shi. Yana nan cikin akwatin gilashi dab da teburin mai karɓar kuɗi, an jera shi reras, ja da kore da ruwan hoda, wani siriri mai siffar alƙalami, wani gajere mai faɗi, wani har da ɗan allo mai nuna lambobi. A jikin kwalayen an zana mangwaro da kankana da inabi da ƙanƙara. Sigarin lantarki ke nan, wanda masu shago ke kira bef, samari kuma su ce shisha-fen. Da yamma a lambunan shaƙatawa na Area 8, ko wajen masu gasa kifi a Garki II, ba wuya a ga wani ya zaro shi daga aljihu, ya zuƙa, ya fesar da farin tururi mai ƙamshin 'ya'yan itace, ya mayar, ba ashana ba toka.

Masu tsayawa gaban gilashin nan iri biyu ne, kuma bukatarsu ba ɗaya ba ce. Akwai magidancin da ya shekara ashirin yana busa sigari, ƙila ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin ofisoshin Area 11, ƙila direba ne mai lodi a Area 1. Tari ya fara tashinsa da asuba, uwargida ta gaji da warin riguna, likita kuma ya ja masa kunne. Akwai kuma saurayi ko budurwa da ba su taɓa kunna kara ɗaya ba, sun dai ga abin a hannun mawaƙa a TikTok ya ba su sha'awa. Su waɗannan na biyu ba su da abin zaɓa a nan. Nikotin ɗin da ke ciki shi ne dai wanda ke ɗaure mashayin sigari, ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuma ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, don haka ya fi saurin kama matashi. Hukumomin lafiya na Ingila, waɗanda suka fi kowa sassauci a kan sigarin lantarki, su ma matsayinsu ke nan: mashayi ya koma gare shi in zai raba shi da sigari, wanda ba ya sha kuma kada ya fara.

Bayanin da ke tafe na magidancin nan ne.

Asalin na'urar ma domin irinsa aka ƙera ta. Hon Lik, wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, shi kansa mashayi ne na gaske, mahaifinsa kuma ciwon daji na huhu ne ya yi ajalinsa. A 2003 ya yi rajistar ƙirarsa, a 2004 ta shiga kasuwa. Hujjarsa ita ce nikotin ne ke hana mutum bari, amma hayaƙi ne ke kashe shi. Wutar karan sigari kan kai digiri 900 a lokacin zuƙa, hayaƙin na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. In aka dumama ruwa mai nikotin ya zama tururi ba tare da an ƙona ganye ba, an rage wannan dafi ƙwarai, ko da yake ba a kawar da shi duka ba. Yau mafi yawan kayan daga birnin Shenzhen suke fitowa, shi ya sa farashinsu a Garki ke hawa da sauka tare da dala.

Kowane iri mutum ya ɗauka, babba ko ƙarami, abubuwa huɗu ne a cikinsa: batir irin na wayar hannu, tanki mai riƙe ruwan, 'yar siririyar waya da aka naɗe wadda ake kira koyil, da auduga mai tsotso ruwan ta kai shi jikin koyil ɗin. Da an zuƙa ko an danna maɓalli sai batir ya tura wuta, koyil ya yi zafi, ruwan da ke jikin audugar ya tashi. Shi kuma ruwan haɗin sinadarai biyu ne, PG da VG kamar yadda ake rubutawa a jikin kwalba, sai ƙamshi, sai nikotin. PG ruwa-ruwa ne, shi ke ɗaukar ɗanɗano, shi ke ɗan kartar maƙogwaro yadda mashayi ya saba. VG mai kauri ne, shi ke kawo yawan tururi. Wanda ya riƙe wannan a ka, ba mai shagon da zai rikita shi da sunaye.

Abin da za a fara miƙo wa magidancin nan shi ne na yarwa, wanda ake sha har ya ƙare a jefar, domin shi ya fi ciniki. "Alhaji, ɗauki wannan, zuƙa dubu goma ce, ba ruwanka da zuba komai, ka buɗe kawai ka ja." Gaskiya ne, ba ya bukatar koyo, kuma ta haka ne Elf Bar da Lost Mary da Geek Bar suka cika duniya. Sai dai lambar nan ta zuƙa kamfani ne ya ƙirga abinsa, da gajeriyar zuƙa, ba irin doguwar da tsohon mashayi ke ja ba. Ba a buɗe tankinsa, ba a sauya ruwan da ke ciki, in kuma koyil ya ƙone a kwana na uku, kuɗi sun tafi.

Babbar matsalarsa ƙarfi ne. A duba gefen kwalin za a ga an rubuta 2% ko 5%. 'Yar ƙaramar lamba ce a ido, amma 5% na nufin miligiram 50 na nikotin a kowace mililita ɗaya ta ruwan. Tarayyar Turai da Birtaniya sun haramta sayar da abin da ya wuce miligiram 20, wato 2%, sun kuma taƙaita tanki a mililita 2. Na yarwa masu alƙawarin dubban zuƙa kan ɗauki mililita 10 ko fiye, da yawansu kuma 5% ne, domin an yi su ne saboda kasuwannin da ba su da wannan iyaka. A yi lissafi: mililita 10 sau miligiram 50, miligiram 500 ke nan a cikin abin da bai cika tafin hannu ba. Karan sigari ɗaya kuwa, abin da jiki ke ɗauka daga gare shi miligiram 1 ne zuwa 2. Ba duka 500 ɗin ke shiga jini ba, amma ko rubu'i ne ya shiga, an sha na kwalaye da yawa.

Da can ruwa mai ƙarfi haka ba ya zuƙuwa, sai ya shaƙe mutum da tari. Kamfanin Juul na Amurka ne ya sauya wannan a 2015, da ya fito da abin da ake kira gishirin nikotin: an haɗa nikotin da wani asid, sai ya daina karta, yana wucewa sumul. Cikin shekaru uku Juul ya mamaye makarantun sakandaren Amurka, har a Disambar 2018 babban likitan gwamnatin ƙasar ya ayyana abin a matsayin annoba a tsakanin matasa. Ga kuma wani bambanci da ba a cika lura da shi ba. Karan sigari yana ƙarewa, minti biyar an take guntun an koma ofis. Na lantarki ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Yana aljihu, ana zuƙa a cunkoson motoci, a gaban talabijin, a kan gado. Mutum ya shigo da niyyar ragewa, ya wayi gari yana shan nikotin fiye da na da, an gudu ba a tsira ba.

A ɗaya gefen gilashin akwai manya masu siffar akwati, da allo da maɓallan ƙara wuta, wasu har da batir biyu. Su ne masu turnuƙe ɗaki, irin waɗanda ake gani a bidiyo. Suna aiki da wat 50, 80, har sama da 100, ana jan su kai tsaye zuwa huhu yadda ake jan shisha, ruwansu kuma na miligiram 3 ne ko 6. In aka yi kuskuren zuba musu mai 20 ko 50, sai jiri da tashin zuciya da bugun ƙirji. Wasu ma ba su da wata kariya a ciki, batir ne kawai da maɓalli, kuma irinsu ne suka fashe suka kashe wani mutum a Florida a 2018 da wani a Texas a 2019. Kayan 'yan ƙwalisa ne, sabon shiga ba shi da abin yi da su.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wanda ba shi da kwarjini, kuma shi ya fi dacewa da mai son barin sigari: ƙaramar na'ura mai caji, mai ɗan tanki da ake cirewa a zuba ruwa a mayar. Masu shago na ce masa fod, kamfanoni irin su Vaporesso da Uwell da Smok da Voopoo duk suna yin sa. Wutarsa wat 10 ce zuwa 20. A jikin koyil ɗinsa akwai lamba da ake aunawa da om, wadda in ta yi ƙasa sosai wuta ta fi ci tururi ya fi yawa, tsakanin 0.8 da 1.2 ita ce ta mai barin sigari. Zuƙarsa a matse take, tururin ya fara taruwa a baki kafin a shaƙe shi, daidai yadda ake jan kara. Wannan kama ba ƙaramin abu ba ce. Mashayi ba nikotin kaɗai ya saba da shi ba, ya saba da abu tsakanin yatsu, da jan numfashi, da ɗan hutun bayan cin abinci. Na'urar da ta yi nisa da wannan ɗabi'a mako biyu za ta yi ta koma cikin durowa, mai ita ya koma wurin mai tireda.

Fa'idarsa ta gaske ita ce ragama tana hannun mai shi. Shi ke sayen kwalbar ruwa, shi ke zaɓar ƙarfi. Mai shan kwali guda a rana kan bukaci ya fara da miligiram 18 ko 20. Mai kara biyar zuwa goma, miligiram 6 zuwa 12 kan ishe shi. Wasu don tsoro sai su fara da ƙasa ƙwarai, jarabar sigari ta ƙi kwanciya, su ce na'urar ba ta aiki. Bayan wata biyu ko uku ba kara ko ɗaya, sai a fara saukowa, daga 20 zuwa 12, daga 12 zuwa 6, daga 6 zuwa 3, har a kai ruwan da ba nikotin a cikinsa, daga nan a ajiye na'urar gaba ɗaya. Na yarwa mai 5% ba shi da wannan matakala. Ta fuskar aljihu ma, kuɗin farko ne ke da ɗan nauyi, daga baya ruwa da koyil kawai ake saye.

Kafin a biya, akwai tambayar da ta fi ta launi: ina ake samun koyil ɗinsa? Koyil ba ya daɗewa, mako ɗaya ne zuwa biyu, ruwa mai zaƙi sosai kuma ya fi saurin kashe shi domin yana daskarewa a jikin wayar ya yi baƙi. Kowane kamfani da nasa, na wannan ba ya shiga na wancan. Na'urar da aka kawo tsaraba daga Dubai, in ba a sayar da koyil ɗinta a Garki ko Wuse, ta zama ta ado. Mai wayo zai ce wa yaron shago, "Samari, fito min da kwalin koyil ɗin in gani tukuna," ya sayi fakiti ɗaya tare da na'urar. Ya kuma duba kwalbar ruwan. Wadda aka rubuta wa 50/50, wato PG da VG rabi da rabi, ita ce ta ƙaramin fod. Mai VG 70 ta yi masa kauri, auduga ba za ta tsotso ta da sauri ba, sai ƙauri.

Ƙaurin nan shi ne abu na farko da ke korar sabon shiga. An sa sabon koyil, an cika tanki, an ƙagu, an ja nan take, auduga a bushe ta ƙone. Ɗanɗanon ƙonannen tsumma ya cika baki, koyil ya lalace tun ranar farko. Maganinsa haƙurin minti biyar zuwa goma bayan an zuba ruwa, kuma kada a bar tanki ya ƙafe. Abin bai tsaya a ɗanɗano ba: idan koyil ya yi zafi babu isasshen ruwa, PG da VG na rikiɗa su fitar da sinadarai masu guba, ciki har da fomaldihaid, wanda ake adana gawa da ruwansa. Duk zuƙar da ta zo da ƙauri, a tsaya.

To wa ke duba ingancin abin da ke cikin kwalaben nan? Nijeriya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005. A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, ƙa'idojin aiwatar da ita suka biyo baya a 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayarwa ta intanet, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, ko da yake duk mai wucewa ta gaban tireda ya san inda wannan ta kwana. Amma an tsara ta ne domin kayan da ake yi da ganyen taba. Ba ta fito fili ta ambaci sigarin lantarki ba, ba ta sa wa ruwansa iyakar nikotin ba, ba ta faɗi abin da aka yarda a zuba a ciki ba. Ƙungiyoyi irin su CAPPA sun daɗe suna kiran a cike wannan giɓi.

Ke nan mai saye shi ne duba-garin kansa. Jabu ya yi yawa, musamman na sunayen da suka yi fice. Manyan kamfanoni na sa wata lamba a jikin kwali, wadda ake kankarewa a shigar a shafinsu na intanet a ga ko kayan na gaske ne. Aikin minti biyu ne da waya, a yi shi a tsaye a gaban mai shago. Kwalin da ledarsa ta ɓare, kwalbar da ba sunan kamfani ba ranar lalacewa, ruwan da ya yi duhu saboda daɗewa ko zafin rana, duk a bar musu kayansu. Araha ba ta ado: wanda aka karya wa farashi a Instagram aka aiko da mai babur, ba wanda za a riƙe in ya zama na banza.

Mafi hatsari shi ne ruwan da wani ya haɗa a ɗaki ya ɗura a kwalba. A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka a tsakanin masu zuƙar tururi. Zuwa Fabrairun 2020 an lissafa mutum 2,807 da ta kwantar, yawancinsu matasa, 68 kuma sun mutu. Bincike ya gano cewa tushen abin wani mai ne dangin bitamin E, wanda 'yan bayan fage ke sirka man wiwi da shi don ya yi kauri, huhu kuwa ba ya jure mai. Wannan ya shafi Abuja kai tsaye, domin irin na'urar nan ce ake ɗura wa man wiwi, kuma a dokar Nijeriya hakan ya tashi daga batun taba ya koma hurumin NDLEA. Wadda aboki ya miƙo a wurin biki, ba wanda ya san abin da ke cikinta sai wanda ya zuba.

Sai zafin Abuja. A watannin Maris da Afrilu, kafin ruwa ya kankama, rana kan doshi digiri 40, motar da aka rufe aka bari a rana a Area 10 kuwa cikinta ya wuce haka nesa. Batirin litiyom ba ya shiri da wannan. Na'urar da aka manta a gaban mota tana iya kumbura ko ta kama da wuta. Ko ba ta kai haka ba, ruwan zai tsinke ya riƙa yoyo, ya ɓata aljihun kaftani, wani lokaci ya shigo baki. Caji a yi shi da wayar da ta zo da na'urar, a kan tebur ba a kan katifa ba, kada kuma a bar ta a jone a kwanta, balle a gidan da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ana komawa janareta. Masu na'urar da ake cire wa batir kada su jefa shi tsirara a aljihu ɗaya da makullai. Da yawan waɗanda aka kai asibiti da ƙunar cinya ta haka suka same ta.

A gidan da ke da yara, kwalbar ruwan ta fi na'urar zama abin tsoro. Tana ƙamshin alewa, launinta na lemo, alhali nikotin a ruwa guba ne da 'yar kurɓa kan iya kashe ƙaramin yaro. A Disambar 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a jihar New York bayan ya sha, daga baya Amurka ta wajabta murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba. A nemi mai irin wannan murfi, a kulle ta inda ake kulle magani. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, ba a tsayawa ɗura masa manja ko madara, asibiti za a nufa da kwalbar a hannu.

Matafiyi kuma ya sani, ƙa'idar jiragen sama ta hana sa shi a jakar da ake aunawa a tura ƙasan jirgi, sai dai a ta hannu, ba a sha ba a yi masa caji a sama. Indiya, inda mutanenmu da yawa ke zuwa neman magani, ta haramta ƙera shi da shigo da shi da sayar da shi tun 2019, Singafo da Tailan kuma na hukunta wanda aka kama da shi. Birtaniya ta hana na yarwa daga 1 ga Yunin 2025, bayan an ƙiyasta a 2023 cewa ana jefar da miliyan biyar kowane mako, ko wanne da batir a cikinsa. Namu kuwa a kwata da juji suke ƙarewa, inda 'yan jari-bola ke tona shara da hannu, a kuma cinna mata wuta.

Shin yana raba mutum da sigarin kuwa? Akwai hujja. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2019, an raba mashaya 886 gida biyu, aka ba wasu sigarin lantarki, wasu kuma cingam da filastar nikotin da dangoginsu, dukkansu ana ba su shawara. Bayan shekara, kashi 18 cikin ɗari na rukunin farko ba su koma sigari ba, a na biyu kashi 9.9. Abin lura, na'urar da aka ba su mai tanki ce da ake zuba wa ruwa, tare da kwalba mai miligiram 18, ba ta yarwa ba. Amma a juya lambobin ta ɗaya gefen: kashi 82 ba su yi nasara ba, cikin waɗanda suka bar sigarin kuma kashi 80 na nan riƙe da na'urar bayan shekara. Sun rabu da hayaƙi, nikotin kuwa yana nan tare da su.

Shi ya sa kan masana ya rabu. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce a 2015 ya fi sigari ƙarancin illa da kusan kashi 95 cikin ɗari, lambar da 'yan kasuwa ke son maimaitawa, wadda wasu masana suka soki yadda aka samo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta sa shi cikin hanyoyin da ta amince da su ba. Jagorar da ta fitar a 2024 ta tsaya a kan shawarar ma'aikacin lafiya, da cingam da filastar nikotin, da ƙwayoyi irin su bareniklin da sitisin. Na'urar dai ba ta kai shekara 25 a duniya ba, cututtukan da sigari ke jawowa kuma kan ɗauki shekara 20 zuwa 30 kafin su bayyana.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne raba ƙafa: na lantarki a ofis da cikin mota inda ba a son wari, sigari kuma da daddare a majalisa. Mai yin haka yana ganin tunda ya sauko daga kara ashirin zuwa biyar ya ci riba. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki na mai shan ashirin. Ranar da aka sayi na'urar ya kamata a tsayar da ranar yar da kwali da ashana.

Ta ɓangaren addini, muhawarar taba tsohuwa ce a ƙasashenmu. Tun farkon ƙarni na 17 Ahmad Baba na Timbuktu ya yi rubutu yana ganin halaccinta, wasu malaman zamaninsa suna ja da shi. Yau da illarta ta bayyana, malamai da yawa sun tafi a kan haramci ko karhanci, sauya hayaƙi da tururi kuma bai sauya hukuncin azumi ba: wanda ya zuƙa da gangan da rana a Ramadan azuminsa ya karye. Sai dai watan dama ce ga mai niyya, domin wanda ya iya awa goma sha uku ba nikotin zai iya saukowa mataki ɗaya.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma, haka ma mai juna biyu, kada su fara da kanti. Su fara da likita, a Asibitin Garki da ke titin Tafawa Balewa ko Asibitin Ƙasa ko duk inda suka saba zuwa; mai yiwuwa cingam da filasta su wadatar ba sai an sayi na'ura ba.

Sauran aikin na Majalisar Tarayya ne, wadda ba ta da nisa da Garki. Gyaran da dokar 2015 ke bukata ba mai yawa ba ne: a ambaci sigarin lantarki da sunansa, a sa wa ruwansa iyakar nikotin, a wajabta murfin kariya da rubuta abin da ke cikin kwalba, a kuma tanadi hukunci ga duk wanda ya sayar wa yaron da bai kai shekara 18 ba. 'Yan majalisar da ke wakiltar Babban Birnin Tarayya su ya kamata su fara ɗaukar wannan ƙuduri.